Wasiƙun bashin wani suna zuwa gidana: in buɗe ko in mayar?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da tarewarmu a gidan haya a nan Ingila, kusan kowane mako sai wasiƙa ta zo da sunan wani mutum da ban taɓa ji ba. A bayan ambulan akwai sunan kamfanin karɓar bashi. Maƙwabciyata ta ce idan na ƙyale, bashin zai manne wa gidan, mu ma a hana mu rance. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Gaskiya ta faɗa miki, 'yata, adireshi suke bi. Ki buɗe ki ga nawa ne tun kafin abin ya girma.

Malam: Alhaji, a gafarce ni, ban yarda ba. Bashi yana wuyan wanda ya ci, ba ya kan gini. Kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wato Experian da Equifax da TransUnion, da sunan mutum suke buɗe fayil. Ba za a haɗa nata da na wani ba sai idan sun yi asusun banki ko rance tare. Zama a gidan da wani ya bari ba ya haɗa su.

Alhaji: To in haka ne ta zuba su a shara mana.

Malam: Nan ma a'a. Idan ta yi shiru, kamfanin zai ɗauka mutumin yana nan yana ɓuya ne. Ta ja layi a kan adireshin, ta rubuta cewa ba a san mai wannan suna a gidan ba, a mayar wa wanda ya aiko, ta jefa a akwatin gidan waya. Ba a biyan komai. Buɗewa kuwa, dokar gidan waya ta 2000 ta ce laifi ne ka buɗe wasiƙar da ka san ba taka ba ce, ba tare da uzuri ba, da nufin cutar da mai ita.

Yaya Babba: Mu a Amurka abin ya fi haka tsanani. Wanda ya buɗe ko ya lalata wasiƙar wani don ya hana ta isa ko don leƙen sirrinsa, ɗaurin yana iya kaiwa shekara 5.

Anti: Malam, ka karanta dokar da bakinka: da nufin cutarwa. Ni na sha wannan wahalar. Sau shida ina mayarwa, ba su daina ba, domin kamfani ɗaya yana sayar wa wani bashin tare da tsohon adireshin, sabon kuma ya fara daga farko. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, idan magana ta kai kotu, takardar gargaɗin zuwan ma'aikatan ƙwace kaya ita ma a rufe take zuwa da sunan baƙon. Ta yaya za ka san suna tafe? Na buɗe guda ɗaya, na ɗauki lambar shari'ar, na rubuta musu. Ban cuci kowa ba, kuma ban yi nadama ba.

Malam: Uzurinki yana da ƙarfi, Anti, ban musa ba. Amma sunan kamfanin yana bayan ambulan, tana iya rubuta musu ba tare da ta buɗe ba. Kuma ko ma'aikatan ƙwace kayan sun zo, ba su da ikon ɗaukar kayan wanda ba shi ake bi ba. Ɗan aiken kamfanin karɓar bashi kuwa ba shi da ikon shiga gida ko kaɗan.

Anti: Mai ƙananan yara biyu a gida ba ta son a kai ga ƙwanƙwasa ƙofa, ko da doka tana bayanta.

Alhaji: Ni dai har yanzu raina bai kwanta ba. Idan suka ce ta biya wani abu kaɗan a rufe maganar fa?

Malam: Kada ta biya ko sisi, Alhaji, kada kuma ta ba su bayanan asusunta ta waya. Idan an zo, ta bar ƙofa a kulle, ta nuna takardar haya da katin shaidarta ta taga.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Gobe zan mayar da guda tara da na tara, in rubuta wa kamfanin, in ajiye kwafi. Anti, idan wata ta zo da tambarin kotu zan neme ki kafin in taɓa ta.