Neman shawara: wane littafi zan fara saya?

Mai tambaya: Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Ni mai bishara ne a wata ƙaramar ikkilisiya a karkarar kudancin Bauchi. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa na yi, Turancina na lallaɓawa ne. Ran Lahadin da ta wuce, a ajin masu shirin baftisma, wani yaro ɗan sakandare ya miƙo mini wayarsa, gilashinta duk ya tsattsage. Bidiyo ne da ke cewa wai Konstantin, Sarkin Roma, ne ya tara limamai a garin Nikiya, suka zaɓi littattafan Sabon Alkawari, suka ƙone sauran. Ya ce, "Baba, gaskiya ne?" Na ce a'a. Da ya ce to yaya aka yi, sai bakina ya mutu. Abin ya hana ni barci.

Na sayar da masara na ware N40,000 don littattafai. Abin da ke ɗakina Littafi Mai Tsarki ne, da littafin waƙoƙi, da tsofaffin takardun makaranta da gara ta fara ci. Ku taimake ni, da wanne zan fara?

Wani Rabaran mai ritaya: Ɗana, kada ka ji kunya, tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Taron Nikiya an yi shi a shekara ta 325, kuma Konstantin ne ya kira shi, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya tara su koyarwar Ariyus ce, wani limamin Iskandariya a Masar, wanda ya ce Ɗan Allah halitta ne, akwai lokacin da babu shi. A kan wannan aka yi muhawara, aka rubuta shaidar bangaskiya, aka kuma taɓa batun ranar Ista. Ba a zauna zaɓen littattafai ba.

Tun wajen shekara ta 180 Ireniyus, ɗaya daga cikin iyayen ikkilisiya na farko, yake rubuta cewa Bishara huɗu ce ikkilisiya ta sani. Jerin littattafai 27 cif, kamar yadda suke a hannunka yau, ya fito ne a wasiƙar Ista ta Atanasiyus, bishop na Iskandariya, a 367. Konstantin ya rasu a 337. Ka ga shekara talatin ke nan yana kabari. Ka rubuta waɗannan shekarun a allo, yaron ya kwafa da hannunsa. Littafin da ya bi wannan zancen dalla-dalla shi ne *The Canon of Scripture* na F. F. Bruce. In da hali, shi za ka nema.

Wata malamar makarantar tauhidi: Baba Rabaran, a gafarce ni, amsarku ta gamsar, amma a kan sayayya ina da wani ra'ayi. Littafin Bruce tambaya ɗaya yake amsawa, kuma Turancinsa ba na mai farawa ba ne. Malam kuwa kowane mako sai ya hau mumbari, ga addu'ar tsakiyar mako, ga jana'iza, ga ɗaurin aure. Abin da zai buɗe kullum shi ya kamata ya fara shiga ɗakinsa, wato sharhi mai kundi ɗaya daga Farawa zuwa Wahayi.

Malam, ka nemi *Africa Bible Commentary*. Ya fito a 2006, masana 70 'yan Afirka suka rubuta shi, marigayi Tokunboh Adeyemo ne babban edita, kuma an fassara shi da Hausa. Abin da na fi so a ciki shi ne gajerun bayanai da aka saka a kan maita, da gadon gwauruwa, da auren mace fiye da ɗaya, abubuwan da dattawan ikkilisiyarka za su kawo maka gobe da safe. Ka tambaya a kantin littattafai na ACTS da ke Bukuru, wajen kwalejin tauhidi ta TCNN. Ka sa wani ya duba maka kuɗinsa kafin ka biya kuɗin mota.

Wani ɗalibin tauhidi a Jos: Na goyi bayan Malama. In canji ya rage, Yaya, ka ƙara da kundi na farko na *The Story of Christianity* na Justo González. Kamar labari yake tafiya, Turancinsa ba ya wahalarwa, kuma akwai babi a kan Nikiya. A ciki za ka haɗu da Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, da Agustin na Hippo, a Aljeriya. Ni sai da na karanta shi na gane yawan iyayen ikkilisiya da suka fito daga nahiyarmu. Ka nemi na hannu, ɗalibai masu gamawa sukan sayar.

Wata uwa daga zumuntar mata: Ɗana, ni ban yi tauhidi ba, amma shekara da shekaru ina kula da littattafan maigidana. Kafin komai ka sami akwatin ƙarfe, ka ɗora shi a kan bulo, kada ya jingina da bango. Gara ta taɓa cinye mana rabin kwali a damina ɗaya, har hawaye ya yi. Sannan yaron nan, kada ka sake shi. Tunda yana jin Turanci, ku zauna tare da yamma, shi ya karanta, kai ka auna da Nassi, ku mayar da Hausa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka muku. Baba, na kwafe shekarun nan a bayan littafin waƙoƙina, da su zan shiga aji ran Lahadi. Sharhin zan fara saya kamar yadda Malama ta ce, na Bruce kuma sai bayan girbin gyaɗa. Mama, na je gidan su yaron jiya, mahaifinsa ya yarda ya riƙa zuwa kowace Laraba bayan addu'a. Akwai wanda zai shiga Bukuru a makon nan ya duba mini kuɗin na Hausan?