Taƙaitawa: iyafis mai matsakaicin kuɗi, wanne ya cancanci kuɗinsa?

Jama'a, muhawarar da aka yi kan wane iyafis mai matsakaicin kuɗi ya fi dacewa a saya ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa robar da ke shiga kunne ita ce rabin sauti. In ba ta toshe kunne sosai ba, duman kiɗa zai tsere, ka ɗauka kayan ne marar kyau. A gwada duka girma ukun da ke cikin kwali kafin a yanke hukunci. Ni ma sai da na sauya roba na gane abin da na saya.

2. Mai waya ko Bluetooth? Nan aka rabu. Masu sauraron karatu da wa'azi sun ce a kuɗi ɗaya mai waya ya fi fitar da murya tas, kuma ba ruwansa da caji in an ɗauke wuta. Masu hawa kabu-kabu sun ce wayar ce ke fara tsinkewa. Wasu sun tuna cewa sabbin wayoyin hannu da yawa ba su da ramin 3.5, wato inda ake jona iyafis mai waya.

3. Masu iPhone kada su biya ƙari don LDAC ko aptX (hanyoyin tura sauti ta Bluetooth), wata hanyar mai suna AAC take amfani da ita.

4. Zafin Sakkwato na wuce digiri 40 a Afrilu, yana kashe batir. Kada a bar akwatin caji cikin mota. Don gumi a nemi mai alamar IPX4, wato mai jure fantsamar ruwa.

5. Jabu ya yi yawa. A saurara a shago, a karɓi rasit.

6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ƙarfin sauti ya kai desibel 80, kada sauraro ya wuce awa 40 a mako, ga babba. Wannan ya fi damuna, don yaranmu na ƙure sauti.