Wace kalma ce ta dace da "brokenness", kuma "alheri" ya isa?

Mai Fassara:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan kalmomi biyu da ke tafiya tare a koyarwar Kirista. Ta farko ita ce wadda ake ce wa "grace" da Turanci, a Helenanci kuma karis. Wannan tana da kalmarta tuntuni, wato alheri, amma akwai masu ganin ba ta ɗauki nauyin duka ba. Ta biyu ita ce "brokenness", halin zuciyar da ta zo gaban Allah ba ta da sauran abin tinƙaho. A nan aikin yake. Wani ya ce karaya, wani karyewar zuciya, wani tawali'u, wani nadama, har tafinta ya sauya kalma sau uku a wa'azi guda. Ina son abin da zai shiga rubutu da wa'azi da waƙa, mai sauraro bai ɗauki akasin abin da ake nufi ba.

Malamin Ibrananci:
Ɗan'uwa, mu fara da asali, domin Turanci ya zuba abubuwa biyu a ƙwarya ɗaya. Ibrananci yana da saiwa biyu a nan. Ta farko shabar, fasawa ko karyawa, irin ta tukunya ko ƙashi ko ƙofar gari. Ta biyu daka ko dakka, murƙushewa har abu ya zama gari. A Zabura 90:3 ma da ita aka faɗi ƙurar da mutum yake komawa. Zabura 51:17 ta haɗa su biyun a kan zuciya ɗaya: nishbar (karyayya, daga shabar) da nidke (murƙusasshiya, daga daka). Mai duba Ibrananci zai sami ayar a lamba 19, saboda sun ƙidaya kan zaburar a matsayin ayoyi biyu.

Abin lura shi ne ba ma'ana ɗaya kalmar take ɗauka a ko'ina ba. A Ishaya 61:1 da Zabura 147:3, masu karyayyar zuciya mutane ne da duniya ta ji wa rauni, abin da ake musu kuwa ɗauri ne da warkarwa. A Zabura 51 kuwa Dawuda ne bayan annabi Natan ya tsaya a gabansa kan zancen Batsheba da jinin Uriya. Wannan ba wanda aka zalunta ba ne, shi ne azzalumin, kuma ya daina kare kansa. In aka ba su kalma ɗaya ba tare da bambanci ba, ɓarna biyu ake yi. Matar da mijinta ya rasu sai ta ji kamar ana ce mata baƙin cikinta hukuncin zunubi ne. Mai laifi kuma sai ya ɗauki kansa majinyaci da ke neman lallashi, tuba ta bi ruwa.

Sai abu na ƙarshe, wanda a ganina shi ne ginshiƙi. A aya ta 8 ta zaburar nan, Dawuda ya yi maganar ƙasusuwan da Allah ya murƙushe. Allah ne mai aikin. Duk kalmar da za mu zaɓa, kada ta mayar da abin wata ibada da mutum ke ƙerawa da hannunsa.

Fasto Mai Ritaya:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni kuwa roƙona ɗaya ne: a cire karaya daga jerin nan baki ɗaya. Bahaushe in ya ce wane ya karaya, ya fid da rai ke nan, gwiwarsa ta yi sanyi, ya bar abin. Wannan shi ne abin da Littafi yake hana mu. A 2 Korintiyawa 4, aya ta 1 da ta 16, Bulus ya ce ba ma karaya, haka kuma a Galatiyawa 6:9 ya gargaɗe mu a kan gajiya da yin nagarta. To yaya mai wa'azi zai ce yau Allah yana son karaya, gobe ya karanta cewa kada a karaya? Jama'a za su rikice, kuma mai rauni a cikinsu shi zai fi cutuwa.

Ma'aunin yana 2 Korintiyawa 7:10: akwai baƙin ciki irin na Allah mai kai ga tuba da ceto, akwai na duniya mai kai ga mutuwa. Ku ɗora Bitrus da Yahuza a kai. Dukansu sun ci amanar Ubangiji a dare ɗaya. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, daga baya ya tsaya a bakin teku ana tambayarsa sau uku ko yana ƙauna. Yahuza ya yi da-na-sani, ya mayar da azurfa talatin, har ya furta cewa ya yi zunubi, amma ga manyan firistoci ya kai maganar, ya je ya rataye kansa. Na Yahuza shi ne karaya. Na Bitrus muke nema wa suna.

Malamar Nazarin Littafi:
Baba, na gode. Bari in taɓa alheri kafin a yi nisa, domin in ba a gyara wannan ba, ta biyun ma za ta karkace.

Alheri ya zauna daram. Tun da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aka kuma sami sabuwar fassara a 1979, kunnen ikkilisiya ya saba da shi, da shi ake sa albarkar rufe sujada daga 2 Korintiyawa 13:14. Ba mai tumɓuke shi yanzu. Matsalarsa ita ce a bakin mutane alheri yana da igiya. Muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato wanda ya yi zai gani, wanda aka yi wa kuma ya ci bashi. Karis na Bulus ya tsinke wannan igiyar daga ɓangaren cancanta. Romawa 4:4 ta ce abin da ake ba ma'aikaci hakkinsa ne, ba a lissafa shi kyauta. Romawa 11:6 ta ce in da ayyuka ne, alheri ya tashi daga alheri. Kalmar ta fito kusan sau 155 a Sabon Alkawari, wajen 100 daga ciki a wasiƙun Bulus, don haka ba ƙaramin wuri kuskuren zai shafa ba.

Waɗanda ake kawowa a madadinsa, kowace tana da gurbinta. Jinƙai da rahama suna duban wahalar mutum, su ne eleyos na Helenanci, kuma Bulus ya jera su dabam da alheri a gaisuwarsa ga Timoti, don haka ba za su zama abu ɗaya ba. Tagomashi ya dace da hen na Ibrananci, kamar yadda Nuhu ya samu a Farawa 6:8, amma a maganar yau da kullum yana jawo tunanin farin jini da ɗaukaka. Baiwa ta karisma ce, kyautar hidima ta 1 Korintiyawa 12. Ni'ima ta fi karkata ga wadata da jin daɗi. Falala ita ce ta fi kusa a asalinta, amma yawancin masu ji sun san ta a jimla irin "falalar aiki kaza", wato ladan da ke cikin aikin, sai ta juya mu inda muka fito.

Shawarata a bar alheri, amma a rubutun koyarwa, karo na farko da ya fito, a ɗaura masa bayani: alherin Allah wanda ba a cancanta ba. Bayan haka a ci gaba da alheri kawai. Kuma a kiyaye "ta wurin" da "saboda" a Afisawa 2:8. Alheri ne tushen ceto, bangaskiya hanya ce. In aka rubuta "saboda bangaskiyarku", an mayar da bangaskiya kuɗin saye.

Katekis:
Malama, wannan gargaɗin naki tsohuwar muhawara ce. Ita ce ta malaman ikkilisiya na dā, Agustin da Pelajiyus, kan matsayin alherin Allah da ƙoƙarin mutum a cikin ceto, wadda majalisar ikkilisiya ta Kartaj ta yanke a shekara ta 418, sannan majalisar Oranj a 529 ta ƙara da cewa ko mafarin bangaskiya da marmarin juyowa aikin alheri ne. Wannan ya shafi kalmarmu kai tsaye.

A Latin ana cewa kontrisiyo, daga aikatau mai nufin niƙewa, daidai da dakka da Malam ya kawo. Majalisar Tirent, a zamanta na 14 a 1551, ta bayyana shi da sassa uku: baƙin cikin rai, ƙin zunubin da aka yi, da niyyar kada a sake. Ta kuma bambanta cikakkiyar nadama, mai fitowa daga ƙaunar Allah, da wadda ba ta cika ba, mai fitowa daga munin zunubi ko tsoron hukunci. Saboda haka ni nadama nake goyon baya. Kowa ya san ta, ba ta bukatar dogon bayani.

Fasto Mai Ritaya:
Ɗana, nadama tana da kyau a inda ake maganar zunubi takamaimai. Amma ɗan kasuwa ma yana nadamar cinikin da ya faɗi, ba ruwan Allah a ciki. Sannan ba ta kai ga 2 Korintiyawa 12 ba. A can Bulus ba laifi yake tuba a kai ba. Ƙaya ce a jikinsa, ya roƙa sau uku a cire, aka ce masa alherin ya ishe shi, ikon yana cika a cikin rashin ƙarfi. Wannan ma karyewa ce, ta mutumin da aka raba shi da dogara ga kansa. Nadama ba ta rufe wannan ba.

Shugaban Mawaƙa:
Iyayena, ga ta wajen waƙa da bugu. Me zai hana saduda? Gaɓa uku ce kamar alheri, tana zama a layi ba tare da an ja ta ba. "Karyayyar zuciya" gaɓa shida ce, ga baƙaƙe masu karo a tsakiya, in waƙar mai sauri ce jama'a suna haɗiye rabinta.

Wani abu kuma, don Allah a guji rubuta "karyar zuciya". Da yawa suna bugawa a waya ba ƙugiya, don haka mai karatu ya saba cika ƙugiyar da kansa, sai ya karanta ƙaryar zuciya. In an haska a bango lokacin sujada, ba mai tsayawa ya gyara.

Malamin Ibrananci:
Maganar ƙugiya gaskiya ce, a riƙe ta. Saduda kuwa ina son ta a matsayin aikatau, "na saduda a gabanka" addu'a ce mai kyau. Amma a gwada ta da Fir'auna. A Fitowa 9:27, bayan ƙanƙara, ya ce ya yi zunubi. A 10:16, bayan fāra, ya sake faɗa. Ya saduda sarai, don an fi ƙarfinsa, da sauƙi ya zo kuma zuciya ta koma dutse. Ana saduda da haƙora a cije. Abin da Ezekiyel 36:26 ya yi alkawari shi ne a cire zuciyar dutsen a sa ta nama.

Tawali'u kuma 'ya'yan itacen ne, hali ne mai ɗorewa. Ishaya 57:15 ta ajiye murƙusasshe da mai ƙasƙantar da kai gefe da gefe, kalma biyu dabam, mu ma mu bar su biyu. Dakakkiyar zuciya tana da daɗin ji saboda ta yi kama da dakka, amma "dakakke" a kunnen mutane wanda ya sha duka ne.

Ga yadda nake gwada kowace kalma. A sa ta a Zabura 51:17, a Luka 18:13 wajen mai karɓar haraji da ya tsaya nesa yana bugun ƙirji, da 2 Korintiyawa 12:9. Sannan a sa ta a bakin Yahuza da Fir'auna: in ta zauna musu daidai, ta faɗi. Daga nan a karanta jimlar ga wanda bai san Turanci ba, kada a yi masa bayani, a ce ya faɗi abin da ya ji. In ya ce "mutumin ya fid da rai" ko "an ɓata masa rai", a sake lale.

Malamar Nazarin Littafi:
To ga abin da ya tsallake gwajin a wurina: karyewa a gaban Allah. "A gaban Allah" ɗin ba ado ba ne, shi ne ya raba ta da karaya, domin mai karaya ya juya baya, wannan kuwa yana fuskantar wanda ya yi wa laifi. Kuma "karye" ba ta nuna mutum ne ya yi wa kansa ba, ta bar wa alheri wurin aiki. Siffa kuma: karyayyen ruhu, karyayyar zuciya, karyayyu a jam'i. Inda nidke ta biyo baya, a ce karyayyar zuciya mai nadama, Katekis ya sami nasa.

Mai Fassara:
Na karɓa. Zan rubuta alheri, da bayaninsa a karon farko. Ga halin mai tuba da wanda aka raba da dogara ga kai, karyewa a gaban Allah. Ga Ishaya 61:1 da Zabura 147:3 zan sa masu raunin zuciya, don kada mai makoki ya ji ana tuhumarsa. Saduda ta zauna a waƙa da addu'a. Baba, saura umarni: yaya mai wa'azi zai kira jama'a zuwa ga wannan?

Fasto Mai Ritaya:
Kada ya ce "ku karya zuciyarku". Karya wa mutum zuciya sanyaya masa gwiwa ne, kuma umarnin yana sa mutane su shiga matso hawaye, mai saurin kuka ya ga ya isa, wanda idonsa ya bushe ya koma gida yana shakkar cetonsa. Inda nassi ya ba da umarni, a bi kalmarsa: Yowel 2:13 ta ce a kyakketa zuciya maimakon tufafi, Yakubu 4:10 ta ce a ƙasƙantar da kai a gaban Ubangiji. In kuma karyewar ake nema, a mayar da ita roƙo, jama'a su ce "ya Ubangiji, ka karya taurin zuciyata", sannan a karanta musu alkawarin gafara na 1 Yahaya 1:9 kafin a tashi, kada a sallame su da rabin saƙo.