Tsofaffin finafinan kamun kifi: wanne zan fara da shi?

Ɗan Argungu: Salamu alaikum 'yan zaure. Hutu na samu, ina neman tsofaffin finafinan Turawa na kamun kifi. A taimaka da sunaye.

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Fara da A River Runs Through It na 1992, aikin Robert Redford. 'Yan'uwa biyu ne a jihar Montana, ubansu fasto ya koya musu wurga fatsa kamar yana biya musu karatu. Ba tana suke sa wa ƙugiyar ba, gashin tsuntsu suke ɗaurawa ya yi kama da ƙwaro, kifi ya ruɗu ya cafka. Labarin na kogin Blackfoot ne, amma a Gallatin da wasu koguna aka ɗauka, don haƙar ma'adinai da saran itace sun ɓata Blackfoot ɗin. Bayan fitowarsa baƙi suka yi ta tururuwa Montana da sandunan fatsa.

Anti mai abinci: Na gan shi, Malam. Ƙato ya yini tsamo-tsamo cikin ruwan sanyi har ƙugu, ya dawo da abin da bai isa miyar dare ba, yana washe baki!

Malamin makaranta: Anti, ai su ba miya suka je nema ba, shan iska ne.

Anti mai abinci: To ni dai na dariya nake so. Nemi Man's Favorite Sport? na 1964. Rock Hudson ne mai sayar da kayan kamun kifi, har littafi ya rubuta a kai, alhali ko tarwaɗa bai taɓa kamawa ba. Sai aka jefa shi gasa a tafki.

Baba na Yamai: Yaro, in kana son wanda zai taɓa maka zuciya, The Old Man and the Sea na 1958. Tsohon masunci a Kuba, kwana 84 ba kamu, da ya samu ƙaton kifi kifayen shak suka bar masa ƙashi. Wannan kam neman abinci ne. Ka haɗa da Bataille sur le grand fleuve na Jean Rouch, Sarkawa na farautar dorina a kogin Neja.

Ɗan Argungu: Na gode, Baba, da na Rouch zan fara. Mu da muka saba da homa da gora, giwan ruwa a kafaɗa, ban san ko zan jure kallon gashin tsuntsu ba. Akwai fassarar Turanci a ƙasa?