AC na ƙarar ƙas-ƙas cikin dashbod, gefe ɗaya zafi gefe ɗaya sanyi

Direban_Dare:
Salam yan uwa, don Allah masu sanin mota ku taimaka. Sati biyu kenan da na kunna makulli sai in ji ƙas ƙas ƙas daga cikin dashbod ta gefen fasinja, ya yi kamar sakan goma ya tsaya, in na murɗa wajen zafi da sanyi ya sake tashi. Yanzu kuma gefena sanyi ƙalau amma gefen fasinja iska mai zafi ce ke fitowa kamar an kunna hita, madam ta daina zama gaba saboda haka. Motar mai AC gefe biyu ce. An ce in ƙara gas, in ƙara ne?

Abu Hanan:
Wslm. Ƙarancin gas yana iya sa gefe ɗaya ya rage sanyi, ya taɓa min. Amma gas baya ƙara a dashbod kuma baya kawo zafi irin na hita. Bari masu aikin su zo.

Rewaya Mai Haƙuri:
Malam kar ka taɓa gas tukuna. Aktuweta ce. Wata yar ƙaramar na'ura ce mai injin lantarki cikin akwatin roba, girmanta bai kai tafin hannu ba, aikinta juya wani ƙyaure da ke tsakanin iskar da ta bi ta hita da wadda ta bi ta wajen sanyi. A cikinta akwai giyoyi na roba, in haƙori ɗaya ko biyu suka cinye sai injin ya yi ta juyawa giyar na tsallake, wannan ƙarar kake ji. Kuma tunda ya tsaya a zafi to a nan ƙyauren ya maƙale.

Amma fa ba guda ɗaya bace a mota, akwai ta zafi da sanyi (taka biyu ce, kowane gefe da tasa), akwai mai kai iska fuska ko ƙafa ko gilashi, akwai mai rufe iskar waje. Kuma galibi kamarsu ɗaya, shi yasa mutane ke canza lafiyayya su bar mai ciwon. Ka sauke aljihun dashbod, ka ɗora yatsa a kan kowacce wani yana murɗa maka, wadda ke bugawa a yatsanka zaka ji ta. Lambar da ke jikinta ita zaka nema, kar ka saya da ido.

Direban_Dare:
Oga na gode sosai. Na sauke na gano ta, kusoshi uku ne, biyu a fili ɗaya can ciki hannuna ma da ƙyar yake kaiwa. Zan iya da kaina ko sai an sauke dashbod gaba ɗaya?

Rewaya Mai Haƙuri:
In kana ganinta zaka iya, ta gefen fasinja galibi ita ce mai sauƙi. Cire kan batir na negatif ka jira yan mintuna, jakar iska ta kariyar haɗari (airbag) tana kusa da wajen, duk soket mai launin rawaya nata ne, ba ruwanka da shi. Na cikin nan ƙaramin sifana da tocila zai so, ka yi a hankali don in ya faɗa ƙasan kafet sai Allah.

Abin da nafi so ka ji shi ne wannan, in ka cire tsohuwar kar ka yi saurin ɗaura sabuwa. Kama sandar ƙyauren da yatsu ka juya ta ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya kamata ta tafi sumul ta tsaya a ƙarshe. In tana cijewa to wani abu ya faɗa ciki ko soson jikin ƙyauren ya saɓule, na taɓa ciro murfin biro a irin wannan wajen, kuma shi ya ci giyar tun farko, ka sa sabuwa haka zata cinye ita ma. In kuma tana juyawa fayau ba ta jan komai to ƙyauren ne ya karye, wannan kam aikin sauke dashbod ne.

Wajen sawa ka juya ƙyauren ya dace da bakin aktuwetar, ba ita zaka murɗa da ƙarfi ba. Kuma kar ka jona mata wuta tana lilo a waje, wasu suna wuce iyakarsu.

Maman Twins:
Ƙari kaɗan, ni bayan an canza min ta ci gaba da ba da ɗumi, ashe saiti ne ba a yi ba. Da ka mayar da batir ka kunna makulli kar ka taɓa maɓallan AC na kamar minti biyu, zaka ji tana zagayawa da kanta tana neman iyakarta. Wasu motocin dai sai an jona kwamfuta.

Direban_Dare:
Na dawo da labari. Ƙyauren lafiya lau yake juyawa. Na buɗe tsohuwar don in gani, farar giyar babba haƙora biyu sun tafi, garinsu na nan cikin giris. Kusa na ukun shi kaɗai ya ci min kusan awa, bayan hannuna duk ya kurje. Na bi maganar Hajiya ban taɓa komai ba har ta gama zagayenta, yanzu gefe biyun sanyi ɗaya kuma shiru. Oga tambaya ɗaya, ta gefen direba shekarunsu ɗaya, in canza ta tun yanzu ko in bari sai ta fara ƙara?