Tafiyar kwana goma a motar-gida daga Cape Town zuwa gandun dajin Addo: ina neman shawara

Abu Safiyya ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina aiki a Cape Town ta Afirka ta Kudu shekara uku ke nan, kuma a watan Afrilu mahaifiyata za ta zo mana ziyara daga Kano. Na yi niyyar ɗaukar hayar irin motar nan mai gadaje da madafa da banɗaki a cikinta, wadda zan kira motar-gida, domin mu bi babbar hanyar N2 ta bakin teku har zuwa gandun dajin Addo, mu shida: ni da maiɗakina da yara uku da Hajiya, wadda ta haura shekara saba'in kuma gwiwa tana damunta. Kwana goma nake da su. Wuraren da na rubuta su ne Hermanus domin ganin manyan kifayen nan na teku da Turawa ke kira whale, da Agulhas, da Swellendam, da Mossel Bay, da kogunan dutse na Cango kusa da Oudtshoorn, da Wilderness, da Knysna, da Tsitsikamma, sannan Addo. Shin motar-gida ta dace da iyali irin nawa, ko kuwa ƙaramar mota da masauki sun fi? Kuma waɗanda suka taɓa bin hanyar, yaya kuka yi da salla da abincin halal?

Ɗanbirni ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safiyya. Allah ya kawo Hajiya lafiya. Na bi wannan hanya sau biyu, sau ɗaya a motar-gida, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne wuraren da ka rubuta sun yi wa kwana goma yawa. Tsakanin Cape Town da Gqeberha, wato garin da ake kira Port Elizabeth kafin a sauya masa suna a 2021, akwai kimanin kilomita 750, sannan daga can zuwa babban sansanin Addo akwai wasu kusan 70. A takarda wannan ba nisa ba ne, amma motar-gida ba ta gudu kamar ƙaramar mota, iskar bakin teku tana kaɗa ta saboda tsayinta, kuma duk safiyar da za ku tashi sai an naɗe gadaje, an ɗaure tukwane, an cika tankin ruwa, an zubar da na banɗaki, an cire wayar wuta. Wanda ya kwana a wuri tara cikin dare goma zai dawo gida bai san komai ba sai ɗaure kaya da kwance kaya.

Ka fara cire Hermanus. Manyan kifayen da ake zuwa gani suna isowa gaɓar ne tsakanin Yuni da Nuwamba, saboda haka a Afrilu teku kawai za ku tarar. Oudtshoorn ma zan ce ka bar ta, domin sai ka tsallaka duwatsun Outeniqua daga garin George ka kuma dawo, kuma kogunan Cango suna da matakalai da yawa waɗanda gwiwar Hajiya ba za ta so ba. Idan kuma wani ya ba ka shawarar hawa hanyar dutsen Swartberg da wannan mota, kada ka saurare shi, domin hanyar tsakuwa ce mai ƙunci da lanƙwasa.

Da ni ne, zango huɗu zan yi: dare ɗaya a gandun Bontebok da ke gefen Swellendam a bakin kogin Breede, dare uku a sansanin Ebb and Flow na Wilderness, inda daga nan Mossel Bay da Knysna duk tafiyar yini ce a je a dawo, dare biyu a bakin kogin Storms cikin Tsitsikamma, sauran kuma a Addo. Dukkansu suna ƙarƙashin hukumar gandayen daji ta ƙasa, SANParks, kuma ana biyan kuɗin shiga na kullum ban da kuɗin filin kwana, wanda farashinsa ya bambanta tsakanin mazauna ƙasa da baƙi. Hajiya za ta biya na baƙi, don haka ka lissafa ko katin shekara na Wild Card zai fi muku sauƙi. Ka kama wuri tun yanzu, domin idan ranakunku suka faɗo cikin hutun Ista na makarantu, sansanin bakin kogin Storms yana cika da wuri. Ka tambayi kamfanin haya ko za ka iya ajiye motar a Gqeberha ku dawo a jirgi, da nawa suke caja a kan haka, sannan ka tabbatar nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba, wanda shi ne iyakar lasin tuƙin ƙananan motoci a can. Kada ku kwana a gefen hanya, kuma kada ku yi tafiyar dare.

Maman Ikram ta amsa:

Malam, bayanin Ɗanbirni a kan hanya ya wadatar, amma ni a kan Hajiya da maiɗakinka zan yi magana, domin na yi irin wannan tafiya da yara huɗu kuma ni ce mai girkin. Motar da aka ce tana ɗaukar mutum shida tana nufin gado ɗaya yana saman kan direba, sai an hau tsani, wani kuma teburin cin abinci ne da ake mayar da shi gado da dare. Babu ɗaki mai ƙofa, labule ne kawai. Ka duba ka gani: uwa da ɗanta da surukarta a cikin akwati ɗaya dare goma, ga sauya tufafi, ga tashin asuba, ga kunyar da ke tsakaninsu. Hajiya ba za ta yi ƙorafi ba, irinsu ba sa yi, amma za ta takura ƙwarai, maiɗakinka kuma ta fi ta takura.

Mafita tana nan cikin sansanonin da aka ambata, domin kowannensu yana da ɗakunan haya na gini ko na katako kusa da filin motoci. Ka kama wa Hajiya ɗaki mai banɗaki, babbar 'yarku ta riƙa kwana da ita, ku sauran ku kwana a mota. Kuɗin zai ƙaru, amma ina ganin wannan ne sharaɗin da zai sa tafiyar ta zama hutu gare ta.

Game da abinci, ku yi sayayyar nama da kaza a Cape Town, inda mahautan halal suke da yawa, amma firijin motar ƙarami ne, naman kwana uku ko huɗu kawai zai ɗauka. Na soya nama na busar da shi kamar na layya, na tafi da garin tuwo da kuka da yaji, a garuruwan bakin teku kuma muka koma ga kifi, wanda a Mossel Bay da Knysna ba ya yankewa. Ku tafi da buta biyu, domin banɗakunan sansani suna da tsabta da ruwan zafi amma ba a tanadi abin tsarki ba. Ku kuma kula da birai a Tsitsikamma: taga ɗaya da aka manta a buɗe ta isa a rasa burodin kwana biyu, kuma ba su abinci laifi ne.

Malam Na-Zariya ya amsa:

Kan batun salla, abu ɗaya da ke rikita baƙon da ya zo daga gida shi ne alƙibla, domin Hajiya ta saba fuskantar gabas, alhali daga wannan yanki Makka tana arewa ne da ɗan karkata zuwa gabas. Ka nuna mata a kowane zango da zarar kun sauka. Tafiyar ta kai ta ƙasaru ba tare da shakka ba, sai dai inda kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, wanda a mazhabar Malikiyya yake yanke hukuncin matafiyi. Wannan ya shafi Addo idan kuka tsawaita a can. Ka tsara Juma'a ta same ku kusa da Gqeberha, inda akwai tsohuwar al'ummar Musulmi da masallatai, kuma kafin ku tashi ka kai Hajiya masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap, wanda aka kafa a 1794.

Inda na saɓa da Ɗanbirni shi ne Agulhas, wadda bai sa ta a lissafinsa ba. Ratse ne daga N2 ta Bredasdorp, kuma ba sai an kwana ba, amma nan ne ƙarshen nahiyar Afirka daga kudu, inda aka kafa alamar mahaɗar Tekun Atlantika da Tekun Indiya, ga hasumiyar fitila da aka fara kunnawa a 1849. Dattijuwar da ta taso daga Kano ta cancanci ta tsaya a wurin, ko da na rabin sa'a ne.

A Addo kuwa motar-gida tana da fifiko a kan ƙaramar mota, domin kujerunta suna sama, ana hango dabbobi ta kan ƙananan itatuwan dajin masu kauri, kuma tun da an hana fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe, samun banɗaki a ciki rahama ce ga tsoho da yaro. An kafa gandun a 1931 lokacin da giwaye 11 kacal suka rage a yankin, yau kuma sun haura 600, kuma babu zazzaɓin cizon sauro a wurin. Ku je mashayar Hapoor da hantsi, ku kashe inji ku jira, domin a ranar zafi garken giwaye kan zo shan ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ba a wuce gudun kilomita 40 a sa'a, kuma za ku ga alluna suna roƙon direba ya kauce wa buzuzun kashin giwa da ke tsallaka hanya, wani nau'i ne marar tashi da ake karewa.

Abu Safiyya ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa maiɗakina amsar Maman Ikram, ta ce abin da ke ranta ke nan tun farko amma nauyin faɗa ya hana ta. Na cire Hermanus da Oudtshoorn, na bar Agulhas a ranar farko, kuma zan nemi ɗaki ga Hajiya a kowane zango kafin in biya kuɗin motar, domin idan ɗakunan ba su samu ba zan matsar da ranakun. Abin da ya rage mini shi ne gadar igiya ta bakin kogin Storms, wadda na ga an ce tsawonta mita 77. Maman Ikram, hanyar zuwa wurin tana da matakalai da yawa ne, ko Hajiya za ta iya takawa a hankali idan muka fita da sassafe?