Tambaya kan kashin doki

Salam 'yan uwa, na samu kashin doki buhu 3 wajen makwabcina, ina so in zuba a lambun bayan gida inda na shuka tumatir da alayyahu, zan iya sa shi haka danye?

Wa'alaikumus salam. A'a malam kar ka sa danye, zafinsa yana kona saiwa kuma doki baya narkar da irin ciyawa sosai, sai kaga lambunka ya cika da ciyawa. Ka tara shi da busasshen ganye kana yayyafa ruwa kana juyawa kamar wata 3 zuwa 4 har yayi baki warin ya tafi.

Gaskiya ne. Musamman alayyahu da latas tunda ganyen ake ci, akwai kwayoyin cuta a danyen.

Nagode sosai, Allah ya saka da alheri. Bari in tara shi tukuna.